Asalin Ƙananan Tagogin Madubin Webb

Rarrabe haske zuwa launukansa, kamar yadda bakan gizo yake yi, shi ne hanyar da masana taurari suke sanin abin da ke cikin tauraron da ba za su taɓa isa ba. A 1814 Joseph Fraunhofer, Bajamushe mai sana'ar gilashi, ya ga baƙaƙen layuka a cikin hasken rana. Sai a 1859 masana kimiyya Kirchhoff da Bunsen suka nuna cewa kowane sinadari da irin layukansa. Da wannan dabara aka gano iskar hiliyom a rana a 1868, tun kafin a same ta a duniya.

Matsalar ita ce jinkiri. Tsohuwar na'urar rarrabe haske tsaga ɗaya gare ta, tauraro ɗaya take karantawa a lokaci guda. Masu shirin binciken taurari na Sloan a jihar New Mexico ta Amurka sun rage wahalar da farantan alminiyom da ake hudawa daidai da wuraren taurari, sannan ma'aikata su soka zaren gilashi 640 masu ɗaukar hasken taurarin a cikin hudojin da hannu, ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa wannan mai yiwuwa ne. A sararin samaniya kuwa babu mai sauya faranti.

Mafita ta fito daga masana'antar ƙere-ƙeren kwamfuta. A 1987 Larry Hornbeck na kamfanin Texas Instruments ya ƙirƙiro ƙananan madubai masu karkacewa, waɗanda majigi yake amfani da su har yau. An duba su a matsayin hanyar zaɓar taurarin da za a karanta lokacin tsara madubin hangen nesa na James Webb, amma ayarin Harvey Moseley a cibiyar Goddard ta NASA ya bi wata hanya: tagogi masu buɗewa da rufewa, domin rufaffiyar taga ta fi tare hasken da ba a so.

Tagogin sun kusa 250,000, a sassa huɗu, kuma faɗin kowace bai wuce kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba. Maganaɗisu ne yake sharewa ya buɗe su, wutar lantarki ta riƙe waɗanda aka zaɓa, sauran su koma su rufe. Duk wannan a sanyin da ya kai digiri 230 ƙasa da sifili. Wasu sun maƙale tun a gwaji, don haka ake tsara kowane kallo da taswirar da ke kauce musu.

An saka su cikin na'urar NIRSpec ta Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, aka harba Webb daga tashar harba roka ta Kourou ranar 25 ga Disamba, 2021. Daga nisan kilomita miliyan 1.5, na'urar tana karanta abubuwa ɗari ko fiye a kallo ɗaya, kuma da ita aka tabbatar a 2024 da wani gungun taurari da ya wanzu kimanin shekara miliyan 290 bayan farkon sararin samaniya.