Tarihin Nazarin Faransanci a Jami'o'in Nijeriya

Nazarin Faransanci fanni ne na digirin shekara huɗu da jami'o'in Nijeriya da dama ke koyarwa, wanda ya ƙunshi nahawun harshen da furucinsa, da adabin Faransa da na Afirka, da fassara da tafinta. Ƙasar ba ta taɓa zama ƙarƙashin mulkin Faransa ba, amma duk maƙwabtanta na kan tudu, wato Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, da wannan harshe suka gaji harkar mulki da makaranta. Wannan maƙwabtaka ce ta haifi fannin, ita ce kuma ta riƙe shi duk lokacin da siyasa ko rashin kuɗi suka nemi durƙusar da shi.

Mafari

Tun a ƙarni na 19 wasu makarantun mishan na Legas ke koyar da Faransanci, sai dai gwamnatin Ingila ba ta ba shi wani muhimmanci ba, Latin ta fi shi daraja a idon malaman wancan zamani. A Arewa kuwa, inda boko ya makara kuma Larabci ke da gindin zama, kusan babu shi a makaranta, duk da cewa fatake na ƙetarawa Maraɗi da Damagaram da Garwa kullum. Hausa da Fulatanci sun ishe su ciniki.

Samun 'yancin kai a 1960 ne ya sauya lissafi. Nan da nan sabuwar ƙasa ta ga tana bukatar jakadu da tafintoci da za su zauna da takwarorinsu na Yamai da Dakar ba tare da Bature a tsakani ba. Wani taron masana da aka yi a Yawunde a 1961 ya ba da shawarar ƙasashe rainon Ingila su koyar da Faransanci, rainon Faransa kuma su koyar da Ingilishi. Kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963 ya ƙara wa shawarar nauyi. A cikin waɗannan shekaru jami'o'in Ibadan da Nsukka da Ife da Legas da ta Ahmadu Bello a Zariya suka buɗe sassan koyar da harshen, galibi da malamai 'yan ƙasashen waje.

Abin lura shi ne, fannin ya tsiro ne lokacin da tsakanin Nijeriya da Faransa babu daɗi. A Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da ƙasarsa ke yi a Hamadar Sahara, sannan a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 Faransa ta karkata ga Biyafara. Duk da haka ba a rufe ajin Faransanci ba, domin don maƙwabta ake karatun.

Shekarun yalwa

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 da kafa ECOWAS a Legas a 1975 sun buɗe wa fannin ƙofa. Sababbin jami'o'in Sakkwato da Maiduguri da Jos, da ta Bayero a Kano, duk sun shigar da Faransanci cikin darussansu, kwalejojin horar da malamai ma suka bi sahu.

Ginshiƙin karatun a lokacin shi ne shekarar waje. Ɗalibin da ya kai aji uku sai a tura shi Faransa, ko Dakar, ko Abijan, ko cibiyar koyar da baƙi Faransanci da ke Lome, ya shekara yana cefane da hawa mota da neman magani da harshen da ya sani a takarda kawai. Wanda ya tafi yana haɗa jimla a zuci kafin ya furta, yakan dawo bakinsa ya faɗa.

Manhaja ma ta sauya. Da fari Molière da Balzac da Camus ne suka cika ta, daga baya marubutan Afirka suka samu gurbi: Senghor, Camara Laye, Sembène Ousmane, Ahmadou Kourouma da Mariama Bâ. Abiola Irele, wanda ya yi digirin digirgir a Faris a 1966 kuma ya zama farfesan Faransanci a Ibadan, na cikin waɗanda suka kafa nazarin wannan adabi da tushe. Ga ɗalibin Arewa, littattafai biyu sun fi taɓa gida. Ɗaya shi ne L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, na 1961, labarin yaron da aka cire daga makarantar allo aka kai boko. Ɗayan kuma Sarraounia na Abdoulaye Mamani ɗan Nijar, na 1980, kan sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899.

Faɗuwar naira da ƙauyen Badagiri

A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 sai ta zube, jami'o'i da iyaye suka kasa ɗaukar nauyin shekarar waje. Mafitar da gwamnatin tarayya ta samo ita ce kafa Ƙauyen Faransanci na Nijeriya a Ajara, Badagiri, kusa da iyakar Benin, a 1991, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Samuel Ade Ojo. Can ɗalibai daga duk jami'o'in ƙasar ke taruwa su zauna na tsawon watanni, bisa ƙa'idar cewa a aji da ɗakin kwana da wurin cin abinci ba a jin komai sai Faransanci. A kan wannan tsari aka kafa ƙauyen Larabci a Ngala ta jihar Borno.

Ƙauyen ya ceci digirin daga rushewa. Sai dai da zarar ɗalibi ya fita ƙofa, Yarbanci da Ingilishi ne ke tarbarsa a kasuwa, ga ɗan Sakkwato ko Katsina kuma tafiyar ta fi zuwa Ƙonni ko Maraɗi nisa ninkin ba ninki.

Sanarwar 1996

A ƙarshen 1996 Janar Sani Abacha ya bayyana aniyar mayar da Faransanci harshen hukuma na biyu. Lokacin ƙungiyar Commonwealth ta dakatar da Nijeriya bayan rataye Ken Saro-Wiwa a 1995, gwamnati na neman sababbin abokai. Manufar ilimi ta ƙasa da aka sabunta a 1998 ta ɗauki wannan matsayi, ta kuma wajabta koyar da harshen a makarantu. Amma tsarin mulkin 1999 bai ambace shi cikin harsunan majalisa ba, malaman da za su koyar da shi kuma ba su wadata ba. Sakamakon haka, har yau ɗalibai da yawa na shiga sashen Faransanci ba tare da sun taɓa karanta shi a sakandare ba, wasu ma don ba su samu fannin da suka nema ba ne. Da su ake fara gaisuwa da ƙirga a shekarar farko, a kuma sa ran su nazarci adabi a ta huɗu.

Halin da ake ciki a Arewa

Bahaushe na shiga wannan karatu da riba da kuma cikas. Raba suna zuwa namiji da mace, wanda ke wahalar da mai Ingilishi, abu ne da ya tashi da shi a harshensa. Cikas ɗinsa na furuci ne: wasulan hanci, da bambance p da f, da v da b. Masu kammalawa kan samu aiki a koyarwa, da ma'aikatar harkokin waje, da hukumomin kwastan da shige da fice, da ƙungiyoyin agaji na yankin Tafkin Chadi, da gidajen rediyo irin sashen Hausa na RFI da aka buɗe a 2007.

Akwai kuma amfanin da ya shafi Arewa kai tsaye. Iyakar da Turawa suka shata ta raba ƙasar Hausa biyu, rabin tarihinta kuma da Faransanci aka rubuta shi. Rahotannin tawagar Tilho da ta shata iyakar a farkon ƙarni na 20, da aikin André Salifou kan Damagaram, da na Djibo Hamani kan Adar, duk a rufe suke ga manazarcin Kano ko Zariya da bai iya harshen ba. Asara ce babba a rubuta tarihin Katsina ba a karanta abin da aka rubuta kan Maraɗi ba.

A 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki tare da Ingilishi. Wannan ya rage wa harshen martaba a siyasance, amma takardun kotu da na kwastan da littattafan jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram har yanzu da shi ake rubuta su. Saboda haka bukatar sassan Faransanci na jami'o'in Arewa tana nan, abin da ya rage musu shi ne su ƙulla musayar ɗalibai da jami'o'in da ke tsallaken iyaka, su kuma horar da masu fassara tsakanin Hausa da Faransanci kai tsaye.