Asalin Jar Giyar Inabi Ta Piriyorat

A arewa maso gabashin Sifaniya, cikin ƙasar Kataloniya, akwai wani ɗan yanki na duwatsu da kwazazzabai da ake kira Piriyorat. Yana cikin lardin Taragona, bayan tsaunukan da suka kare shi daga Bahar Rum. Ƙauyukansa ƙanana ne, wasu mutanensu ba su wuce ɗari biyu ko uku ba, kowanne a maƙale a gefen tudu. Amma duk inda aka zauna ana maganar jar giyar inabi mai ƙarfi da bauri a Turai, sai an ambaci sunan wurin nan. Musulmi dai ba ya shan ta, addini ya hana, wannan babu musu. Sai dai labarin yadda mutane suka sa tsandaurin dutse ya ciyar da su har shekara 800, labari ne da duk ɗan manomi zai so ya ji, ga shi kuma farkonsa ya taɓo tarihin Andalus.

Kafin a san wani abu wai shi Piriyorat, duwatsun nan a hannun Musulmi suke. Babban sansaninsu shi ne Siyurana, wani gari da aka gina a kan ƙoƙuwar dutse, rami ya kewaye shi kusan ta ko'ina. Birnin Tortosa ya faɗa hannun Kirista a 1148, Leida ta bi baya a 1149, amma Siyurana ta ƙi. Sai a 1153 mayaƙan Ramon Berenger na Huɗu, mai mulkin Barselona, suka samu shiga, kuma ita ce mazaunin Musulmi ta ƙarshe da aka ci a duk Kataloniya.

Tsofaffin wurin suna da labarin ranar. Suka ce akwai sarauniya a garin, sunanta Abdelaziya, kyakkyawa ce ta gaban kwatance. Tana cikin liyafa da manyan fadarta, hankali kwance, don an san ba a hawa dutsen nan da yaƙi, sai ga kibiya ta shigo ta taga. Ashe wani ne ya ci amana ya nuna wa abokan gaba hanya. Da ta ga babu mafita, ta ce ba za a kama ta a kai ta bauta ba. Ta hau farin dokinta, ta ɗaure masa idanu da gyale, ta sake masa linzami ya nufi bakin rami. Suka ce da dokin ya ji ƙasa ta ƙare a gabansa, ya turje da iya ƙarfinsa har kofatonsa ya nutse cikin dutse, amma gudun ya riga ya rinjaye shi. Har yau ana nuna wa baƙi wani gurbi a bakin ramin, ana cewa sawun kofaton ne. Marubuta tarihi ba su sami sunanta a takardun zamanin ba, ni ma ina ganin baki ne ya ƙawata labarin. Abin da ya burge ni shi ne jikokin waɗanda suka ci garin su ne suka riƙe shi, suna ba 'ya'yansu labarin jaruntar wadda kakanninsu suka kayar.

Da yaƙi ya lafa, ƙasa ta zama kusan kufai, ana neman masu zama. To, a nan ne babban labarin ya soma. Aka ce ɗan Ramon, Sarki Alfonso na Biyu na Aragon, ya yi niyyar kawo wasu ruhubanawa daga kudancin Faransa su kafa gidan ibada a ƙasarsa. Ya tashi barade biyu su nemo wurin da ya dace, wato wuri mai nisa da hayaniyar mutane, mai ruwa, mai shiru. Suka yi ta yawo har suka iso gindin tsaunin Monsan, wani dogon bangon dutse da masu kaɗaita don ibada suka daɗe suna fakewa a kogunansa. Can suka tarar da wani makiyayi da tumakinsa. Suka tambaye shi labarin wurin. Ya nuna musu wata doguwar bishiya a tsakiyar kwarin, irin mai siraran ganyen nan da ba ta kaɗewa ko da hunturu, ya ce a kanta yake ganin tsani ya miƙe har sama, mala'iku suna hawa suna sauka. Baraden suka dubi juna, suka juya da dawakinsu, suka kai wa sarki labari. Aka ce a daidai gurbin bishiyar nan aka kafa wurin sallar ruhubanawan, aka sa wa gidan suna Iskala Dei, wato Tsanin Ubangiji da Latinanci.

Wasu sun ce ba barade ba ne, ruhubanawan da kansu ne suka gamu da makiyayin. Wasu sun ce a mafarki ya ga tsanin, wasu sun ce ido biyu. Duk wanda ya san labarin mafarkin Annabi Yakubu a cikin Attaura zai gane inda tsanin ya samo asali, amma wannan bai rage masa daraja a wurin mutanen ba. Tsanin nan shi ne tambarin gidan ibadar tun da can, shi ne kuma tambarin da hukumar giyar yankin take amfani da shi yau.

Shekarar kafuwar ma an saɓa a kanta. Tsofaffin littattafai sun ce 1163, masu binciken baya-bayan nan sun ce 1194. Na fi yarda da ta biyu. An haifi Alfonso a 1157, ke nan a 1163 yaro ne ɗan shekara shida, bai kai ya aika barade neman wurin ibada ba. A 1194 kuwa ya riga ya zama cikakken mutum, saura shekara biyu ya rasu, lokacin da mutum yake tunanin abin da zai bari. Ko ma dai wacce ce, wannan shi ne gida na farko da 'yan wannan ɗariƙa suka kafa a duk Sifaniya da Fotugal.

Su wane ne su? Ana kiran su Kartusiyawa. Wani malamin coci mai suna Buruno, mutumin Kolon ta Jamus, shi ya kafa ɗariƙar a 1084 a tsaunukan Shartaros kusa da Gurenobul. Ba a yi ruhubanawa masu tsanani irinsu ba. Kowa da ɗakinsa da ɗan lambunsa, a ciki yake addu'a, a ciki yake karatu, a ciki yake cin abinci, ta wata 'yar taga ake miƙo masa akushi ba tare da ya ga mai miƙowar ba. Farar riga suke sawa, ba sa cin nama ko da ciwo ya kama su, magana kuwa sai ta zama dole. Aikin gona da kiwo yana hannun wasu 'yan'uwan nasu da ba su ɗauki alkawarin kaɗaitar ba, da kuma talakawan ƙauyuka. Shugaban gidan ana ce masa Piriyo, shi ke mulkin ƙauyukan da ke kewaye, irin su Poboleda da Porera da Garatayops da Toroja da La Morera, yana karɓar ushirin amfanin gona, yana yanke hukunci. Ƙasar Piriyo ita ce Piriyorat. Gidan ya yi arziki har ya kai ɗakunan kaɗaita wajen 30, ya kuma fitar da gwanin zane, Jowakim Junkosa, a ƙarni na 17.

Mutanen wurin sukan ce ruhubanawan ne suka kawo inabi. A nan kam ina ganin ƙauna ce ta yi yawa. Tun zamanin Rumawa marubuta suke yabon giyar Taragona, kuma Musulmin Andalus gwanayen noman inabi ne, na ci da na zabibi. Abin da ya fi kama hankali shi ne ruhubanawan sun tarar da kuringar inabi jefi-jefi, suka kawo tsari da haƙuri. Su ne masu rubutu, su ne masu lura da wane gangare ya fi karɓar wane iri, yaushe ake sassabe, yaushe ake tsinka, kuma gidan da ba ya mutuwa da mutuwar mutum ɗaya yana iya tara sanin shekaru ɗaruruwa. Iri biyu ne suka zama na gado, Garnaca da Kariniyena. Na biyun sunan wani gari ne a Aragon. Na farkon kuwa mutanen tsibirin Sardiniya suna cewa nasu ne, amma yawancin masana sun ba Aragon, kuma tunda sarautar Aragon ta daɗe tana mulkin tsibirin, ya fi sauƙi a ce daga can aka kai musu.

Sirrin ƙarfin giyar yana cikin ƙasar ne. Ba ƙasa ba ce irin wadda garma take so. Wani dutse ne baƙi-baƙi da ja-ja mai ɓarewa falle-falle, yana ƙyalli idan rana ta doke shi, su suna ce masa likorela. Ba ya riƙe taki, ba ya riƙe danshi a sama. Ruwan sama a shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 600 ba, bazara kuwa zafi da fari. Dole saiwar kuringa ta bi tsagar dutsen ta nutsa ƙasa sosai kafin ta sami abin sha. Itacen da ya sha wannan wuya ba ya yin 'ya'ya da yawa, tsohuwar kuringa sau da yawa ba ta ba da ko kilo ɗaya. 'Ya'yan ƙanana ne, ɓawonsu da kauri, ruwansu kaɗan amma zaƙinsa ya tattaru. Shi baurin nan a ɓawo da ƙwallo yake, dangin sinadarin nan ne da ke cikin bagaruwa wanda majema suke jeme fata da shi. Idan aka matse inabin aka bar shi ya tsumu tare da ɓawonsa, launi da bauri sai su sauka cikin ruwan, ya fito ja har ya doshi baƙi, yana kama harshe. Shi ya sa ake kwantar da ita a gangunan katako da kwalabe, shekara da shekaru, kafin ta yi laushi. Gangarorin kuwa, waɗanda suke kira kostes, wasu tsayuwarsu ta kai tarakta ba ta iya hawa, sai alfadari da fartanya, a tsinke da hannu, a sauko da kwando a kafaɗa. Wanda ya san zafin noma ba zai raina mutumin da ya gaji wannan gona ya kuma ƙi barin ta ba.

Ƙarshen gidan ibadar abin takaici ne. A 1835 gwamnatin Sifaniya, da hannun minista Mendisabal, ta ƙwace dukiyar gidajen ruhubanawa. Mazauna Iskala Dei suka tsere, talakawan da suka gaji da ushiri suka afka wa ginin, suka wawashe, suka cinna wuta, cikin shekara biyu ya zama kango, duwatsunsa suka koma gina gidaje da katangun gona. Ba na cewa talakawan ba su da hujjar fushi, ushiri na shekara 600 ba wasa ba ne. Amma littattafai da zane-zanen da suka salwanta ba su ci wa kowa hatsi ba, kuma a cikinsu akwai tarihin kakannin masu ƙonawar.

Aka yi gwanjon gonakin, wasu iyalai suka saya, noma ya ci gaba har ya bunƙasa, don a lokacin wani ƙwaro mai cin saiwa da ya zo daga Amurka, filoksera, ya riga ya halaka gonakin Faransa, Faransawa suna neman giya ko ta ina. An ƙiyasta gonakin inabin yankin sun kai hekta 5,000. Sai ƙwaron ya iso nan ma a ƙarshen ƙarni na 19, ya share komai. Maganinsa ɗaya ne, a yi wa kuringar gida aure da saiwar irin Amurka, kuma ba kowa ke da halin hakan ba. Jama'a suka watse zuwa Barselona da Rewus neman aikin masaƙa, waɗanda suka rage suka koma ga zaitun da almon.

Abin da ya biyo baya gajere ne. An yi wa yankin rajistar suna a 1954, amma zuwa ƙarshen shekarun 1970 gonakin ba su fi hekta 600 ba, giyar kuma a ganga ake sayar da ita da arha a gauraya da ta wasu wurare. A 1979 wani mai yin giya, Rene Barbiye, ya sayi fili a Garatayops, abokansa suka biyo shi, cikinsu har da Albaro Palasiyos, suka yi giyarsu ta farko tare a 1989. Duniya ta waiwayo. A 2000 gwamnatin Kataloniya ta ɗaga yankin zuwa matsayi mafi girma na giyar Sifaniya, wanda kafin nan yankin Riyoha kaɗai ke da shi. Gonaki sun koma wajen hekta 2,000, kuɗi ya shigo, har wasu kwalaben sun fi ƙarfin aljihun manomin da ya tsinke inabin, abin da ba ya yi mini daɗi. Masu kangon Iskala Dei sun miƙa shi ga gwamnatin Kataloniya, an gyara ɗakin kaɗaita ɗaya da lambunsa don masu ziyara. Dokar yankin kuma yanzu ta yarda a rubuta sunan ƙauyen da inabin ya fito a jikin kwalba, ko Porera ko Poboleda ko Garatayops, muddin daga gonakin ƙauyen aka tsinko shi.