Wasan Manoma: Abin da Ƙauye Ya Koya wa Ɗaliban Jami'a

A shekarar 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ƙarƙashin jagorancin Michael Etherton. A 1976 kuwa gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, tana kiran jama'a su koma gona. To, a 1977 sai malamai da ɗaliban wannan fanni suka fita ƙauyukan ƙasar Soba da wasannin da aka kira Wasan Manoma.

A can ne ta bayyana cewa ɗalibi ba zai iya kwaikwayon manomi a gaban manoma ba, sai ya zauna da su ya ji kukansu game da taki da gonaki. Ta haka ɗaliban suka koyi yin tambaya, da sauraro cikin haƙuri, da shirya wasa ba tare da rubutu ba, da magana yadda talaka zai gane. Aikin ya ci gaba a Maska da Bomo, har mutanen ƙauye suka riƙa sa hannu wajen tsara wasannin.

Saboda haka, jami'ar da ta tsare ɗalibanta cikin aji ta hana su rabin karatunsu.