Rashin Lafiyar Shugaba da Gadon Mulki a Gana: Matsayin Zangon Nima da Maamobi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci rasuwar Shugaba John Evans Atta Mills a 2012 da takarar fid da gwani a manyan jam'iyyun Gana biyu, ta fuskar mazauna Zangon Nima da Maamobi a birnin Akra. Hujjarta ita ce tsarin mulkin 1992 ya warware matsalar gado idan shugaba ya rasu, amma ya bar lafiyar shugaba a rufe, kuma a wurin tsayar da ɗan takara ne ƙarfin Zango yake raguwa.

Gabatarwa

Nima tana mazaɓar Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma tana Ayawaso ta Arewa. Unguwanni ne masu cunkoso da suka tara Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da Kotokoli da Dagomba, Hausa ce kuma harshen kasuwa da masallaci. Tun komawa mulkin farar hula a 1992 ƙuri'unsu suka fi karkata ga jam'iyyar NDC. Dalilin yana cikin tarihi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi marasa takardu, dubban mazauna Zango suka bar gidajensu, kuma jam'iyyar NPP, abokiyar hamayyar NDC, tana cikin zuriyar siyasar Busia. Ko zaman tsohon Shugaba Nana Akufo-Addo na NPP a gidansa na Nima bai goge wannan tabo ba.

Ranar 24 ga Yuli, 2012

Tun kafin zaɓen 2008 ake raɗe-raɗin rashin lafiyar Mills, fadar gwamnati kuwa tana musantawa. A Yunin 2012 ya je Amurka duba lafiya, da ya dawo har ya ɗan yi sassarfa a filin jirgin Kotoka domin ya nuna garau yake. Bayan wata guda ya rasu a Asibitin Soja na 37 yana da shekara 68. Asibitin kuwa ba shi da nisa da Nima, kuma labarin ya iske mutanen unguwar a farkon azumin Ramadan.

A daren ranar Babbar Jojin ƙasa Georgina Theodora Wood ta rantsar da mataimakinsa John Dramani Mahama a gaban majalisa, bisa sashe na 60(6) da ya ce mataimaki zai ƙarasa wa'adin. Mai karatu a Nijeriya zai ga bambancin. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi Jidda ranar 23 ga Nuwamba, 2009 bai miƙa ragama ba, sai da majalisa ta fake da hujjar lalura ranar 9 ga Fabrairu, 2010 kafin Goodluck Jonathan ya zama muƙaddashi. Sai dai a yi hattara da yabon Gana fiye da kima. Mutuwa ce ta sauƙaƙa mata al'amarin. Da Mills ya daɗe kwance, sai an koma sashe na 69, wanda ke buƙatar sa hannun kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa da kwamitin likitoci kafin a tsige shugaba saboda gazawar jiki, kuma da wuya 'yan jam'iyya mai mulki su ɗauki wannan mataki a shekarar zaɓe.

Takarar fid da gwani

Batun lafiya bai hana wakilan NDC sake tsayar da Mills ba. A taron Sunyani na Yulin 2011 ya sami ƙuri'a 2,771, Nana Konadu Agyeman-Rawlings ta sami 90. Bayan rasuwarsa jam'iyyar ta taru a Kumasi a ƙarshen Agustan 2012 ta tabbatar da Mahama ba hamayya, ya kuma ci zaɓen Disamba da kashi 50.7 cikin ɗari. Wato ɗan arewa ya hau kujerar da bai taɓa neman tikitinta ba.

A nan ne darasin yake ga Zango. An saba ba wa ɗan arewa ko Musulmi kujerar mataimaki domin a jawo ƙuri'a. Alhaji Aliu Mahama ya riƙe ta shekara takwas a ƙarƙashin Shugaba Kufuor, amma da ya nemi tikitin NPP a Legon a Disamban 2007, cikin 'yan takara 17, na uku ya zo. Sai a Nuwamban 2023 Mahamudu Bawumia ya karya wannan shinge da kusan kashi 61 na ƙuri'un wakilai. Duk da haka a zaɓen 2024 Nima da Maamobi suka tsaya kan NDC, suka zaɓi Mahama wanda Kirista ne daga Bole, suka bar Bawumia, Musulmi ɗan Walewale. Tarihin jam'iyya da tsadar rayuwa sun rinjayi addini, kuma wannan abin girmamawa ne ga masu zaɓen.

Amma wannan riƙon amana ga jam'iyya ɗaya yana da tsada. Jam'iyyar da ta san ƙuri'a tata ce ba ta wahalar nemanta, wadda ta fid da rai kuma takan tsaya a rabon shinkafa da sukari lokacin azumi. Reshen Nasara na NPP da Zongo Caucus na NDC sun fi aikin tara jama'a ranar gangami fiye da tsara wanda zai tsaya. Asusun Raya Zango da gwamnatin Akufo-Addo ta kafa ya kawo ayyuka, amma bai ƙara wa Zango wakilai a zauren da ake fid da gwani ba. Mahama da Bawumia kuma 'yan arewa ne, ba haifaffun Zango ba, bambancin da masu sharhi daga waje sukan kasa gani.

Shawara

Abu biyu ne ke hannun shugabannin Zango, daga sarakuna zuwa limamai da ƙungiyoyin matasa. Su mara baya ga dokar da za ta wajabta wa mai neman shugabanci da mataimakinsa gwajin lafiya a gaban kwamiti mai zaman kansa kafin jam'iyya ta miƙa sunansu, domin 2012 ta nuna mataimaki na iya zama shugaba cikin sa'o'i kaɗan. Sannan matasan Nima da Maamobi su yanki katin jam'iyya, su nemi muƙaman rumfar zaɓe da na mazaɓa, domin masu waɗannan muƙamai ne suke kaɗa ƙuri'a ranar fid da gwani.