Karkarwar kuloci a tsofaffin motoci: gano musabbabi da zaɓen sabon faranti

Karkarwar kuloci ita ce jijjigar da mota ke yi a daidai lokacin da direba yake ɗaga ƙafarsa daga kan kuloci domin tashi a giya ta ɗaya ko ribas. Ta zama ruwan dare a tsofaffin motoci irin su Golf 3, Peugeot 504 da J5, waɗanda ke jigilar fasinja da buhunan hatsi tsakanin Rano, Kibiya da birnin Kano. Lodi fiye da kima da riƙe rabin kuloci a hanyoyin ƙauye masu ramuka suna ƙona faranti tun kwanansa bai ƙare ba. Amma ba kowace karkarwa ce laifin faranti ba, kuma sauke giyabos aiki ne mai cin kuɗi da yini guda.

Kafin a sauke giyabos

Idan injin yana rawa ko da motar tana tsaye ba a giya ba, a fara duba fulogi. Idan karkarwar ta safe ce kawai, musamman da damina, kuma tana gushewa bayan ɗan tafiya, yawanci danshi ne. Sannan a duba robobin da injin da giyabos ke zaune a kansu, domin idan sun tsage injin kan yi tsalle a wajen tashi. Sulɓin kuloci kuwa matsala ce dabam: a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a saki kuloci a hankali. Idan injin ya mutu, farantin yana kamawa. Idan ya ci gaba da aiki, ya cinye.

Bayan an sauke

Abubuwa uku bakanike zai duba. Na farko, baƙin mai a fuskar faranti, alamar robar da ke tare mai a bayan injin ko a bakin giyabos tana yoyo. Idan ba a sauya ta ba, sabon farantin ma zai lalace. Na biyu, tabo mai shuɗi-shuɗi ko rashin daidaito a fuskar fulawil, wanda ke bukatar a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su daidaita shi. Na uku, sifirin na tsakiyar faranti da suka saki ko suka karye.

Zaɓen faranti

Mai zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ya tafi da tsohon farantin a hannu, don kada kuskure ya ja masa zuwa Kano sau biyu. A gwada faɗinsu, a ƙirga haƙoran ramin tsakiya. Sunan mota kaɗai bai wadatar ba: Golf 3, da aka fara ƙerawa a 1991, ta fito da injina daban-daban, irin su mai lita 1.6 da 1.8 da 2.0, kuma kulocinsu ba lallai ya zo ɗaya ba. Sanannun masu ƙera kuloci sun haɗa da LuK, Sachs, Valeo, Exedy da Aisin, sai dai ana samun jabu a cikin kwalaye masu kama da nasu, don haka a duba lamba da hatimin da ke jikin ƙarfen. Na gwanjo kuwa, a tabbatar fatarsa ba ta cinye har ta kusa kan ƙusoshinta ba.

Ya fi dacewa a sauya faranti da murfin da ke matse shi da boris a lokaci guda. Araha ba ta ado: wanda ya sauya ɗaya ya bar biyu, sau da yawa kuɗin aiki biyu yake biya.