Baƙo Matalauci, Nauyin Wa Ne?

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya. Mutum ya iso ƙauyenku da magariba, shi da matarsa da ƴaƴa huɗu. Ba jaki, ba akuya, ba ko mudun hatsi. Kuma ba ɗan garinku ba ne. To, wa zai ciyar da shi? Kai da ya tsaya ƙofar gidanka, ko mai gari, ko gwamnati? Ko kuwa a ce masa ya koma inda ya fito?

Mu mutanen Diffa da na bakin Kumadugu mun san wannan tambaya, don ta sha shigowa har cikin gidajenmu. Amma ba a kanmu aka fara ba. Bari in ba ka labarin yadda wata ƙasa mai nisa ta amsa ta, sa'an nan mu dawo gida.

A ƙasar Ingila, cikin shekarar 1601, aka yi doka a kan matalauta. A lokacin an raba ƙasar ƙauye ƙauye, kowane da majami'arsa. Dokar ta ce kowane ƙauye ya ɗauki nauyin matalautansa. Masu gidaje da gonaki su biya wani haraji, a ciyar da tsofaffi da marayu da marasa lafiya. In ka duba, abu ne mai kyau.

Amma sai gardama ta tashi: wane ne matalaucin ƙauye? Masu biyan haraji ba su son bakin ci ya ƙaru. Saboda haka a 1662 aka ƙara wata doka. In baƙo ya sauka, aka ga alamar zai zama nauyi, ana iya mayar da shi ƙauyensa na asali kafin ya cika kwana 40. Wanda ya tsira shi ne mai iya hayar gida ko gona ta fam 10 a shekara, kuɗin da ya fi ƙarfin talaka.

Ka ga abin da ya biyo baya. Ana ɗora iyali a kan amalanke, a kai su bakin iyaka a sauke. Ƙauye biyu su yi ta shari'a, kowane yana cewa wannan ba namu ba ne, har su kashe kuɗin da zai ciyar da mutumin wata da watanni. Mace mai tsohon ciki wadda ba ta da miji, sai a gaggauta fitar da ita, don kada ta haihu a nan, ɗan ya zama nasu. A 1834 aka koma tara matalauta a gidajen aiki, inda ake raba miji da mata, uwa da ɗa. Ba a kawar da wannan tsari ɗungum ba sai a 1948.

Kada ka ce mugunta ce kawai ta yi musu yawa. An bar wa kowane ƙauye kayansa shi kaɗai, tsoron nauyi ya sa ya rufe ƙofa. Riƙe wannan magana, za mu dawo gare ta.

To, mu fa? Ƙasar nan tamu ta daɗe tana cikin daular Barno a zamanin da. Babban birninta, Gazargamu, kusa da Kumadugu yake, kuma ya yi fiye da shekara 300 kafin a ci shi a 1808. Dokar matalauta da kakanninmu suka sani ita ce zakka. Wanda hatsinsa ya kai nisabi, wato sa'i 300, zai fitar da kashi ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar da gonar. In kuwa da jigo ya shayar, kamar masu noman alkama a bakin kogi, ɗaya cikin ashirin ne, saboda wahalarsa ta fi yawa.

Lura da abu biyu. Na farko, cikin mutane iri takwas da ake ba zakka akwai matafiyin da guzurinsa ya ƙare. Na biyu, malamanmu na Malikiyya sun ce a raba zakka a wurin da aka fitar da ita, sai fa in akwai waɗanda suka fi buƙata a wani wuri. Ba a tambayar mai yunwa inda aka haife shi. Inda yake tsaye, nan hakkinsa yake.

Bayan zakka akwai al'ada. Baƙo yakan nemi mai masauki. Mai masauki ya kai shi gaban bulama, wato mai gari. In ya yi niyyar zama, a nuna masa inda zai kafa bukka da inda zai yi noma. Hausawa suka ce baƙonka Annabinka.

Amma kada mu yabi kanmu fiye da kima. Zakka daga rumbu take fitowa. In rumbun kowa ya zama wayam, ba abin da za a fitar. Haka aka gani a 1914, shekarar yunwar da Hausawa ke kira Kakalaba. Damana ta ƙi a 1913, mutane suka watse, aka mutu a kan hanya, ga kuma Nasara yana neman lanho. Bayan yunwar 1931, wadda fara ta jawo a yammacin Nijar, Faransawa suka tsananta dokar rumbun tsimi: kowane magidanci ya zuba hatsi a ajiye. Dabarar ba ta da laifi, amma da tilas aka yi ta, kuma talaka ba shi da iko da abin da ya zuba. Don haka mutane suka ƙi ta.

Bayan mulkin kai, a 1970, gwamnati ta kafa OPVN don ta sayi hatsi ta ajiye. Ba a daɗe ba fari ya zo. A 1973 dabbobi suka mutu, tafkin Cadi ya ja da baya. Yadda aka yi da taimakon abinci yana cikin dalilan da sojoji suka bayar sa'ad da Seyni Kountché ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974. A 1984 wani farin ya dawo, ga iyakar Najeriya a rufe. Shi ya sa ake kiran wannan yunwa El Buhari. Tun daga waɗannan shekaru, mai yunwa ya fara ɗaga kai yana duban motar gwamnati, ba maƙwabcinsa kaɗai ba.

Sauran labarin da idonka ka gan shi. A watan Nuwamba 2014 Boko Haram ta faɗa wa Damasak, mutane suka ƙetaro kogi. A Fabrairu 2015 aka kai hari Bosso da Diffa. A watan Mayu na shekarar aka ce mutanen tsibiran tafki su tashi, suka yi tafiyar ƙasa cikin rana. A Yuni 2016 Bosso ta sake watsewa. An buɗe sansani a Sayam, amma yawancin masu gudu ba can suka nufa ba. Wasu sun kafa bukkoki bakin babbar hanya, wasu sun shiga gidajen ƴan'uwa da abokan ciniki. Wanda jiya ka saya masa tattasai ko bandar kifi, yau shi ne a zaurenka. Yawancinsu ba a mayar da su a kan amalanke ba. Wannan abin godiya ne ga Allah.

A Disamba 2018 Nijar ta yi doka a kan ƴan ƙasa da tashin hankali ya kora daga gidajensu. Dokar ta ɗora nauyin kare su da taimaka musu a kan gwamnati tun da farko, kuma komawa gida sai da yardarsu.

Yanzu mu koma ga maganar da na ce ka riƙe. Abin da ya rufe ƙofa a Ingila yana iya rufe ta a nan. In aka bar magidanci ɗaya da baƙi goma, ko ƙauye ɗaya da rijiya ɗaya da mutum dubu, wata rana zai gaji, ya fara cewa waɗannan ba namu ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka, kai da ka iya karatu yanzu, kana da aiki. In ana rubuta sunayen mabukata, tsaya ka karanta, ka ga an sa baƙo, an kuma sa mai masaukin da hatsinsa ya ƙare. In garinku yana da rumbun tsimi, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a a fili. In ka fitar da zakka, duba wanda ya fi buƙata, ko da ba harshenku ɗaya ba. Mai masaukin yau bai san garin da zai kwana gobe ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damana mai albarka, amin.