Kwana Biyu na Doka, Kwana Bakwai na Suna

Kai da kake rako shanu daga arewa har kasuwar dabbobi ta Abijan, da kai mai sauke albasar Galmi a Ajame, yau zancen naku ne, ko da yake da farko za ku ji kamar na ma'aikatan ofis ne. Tambayar ita ce: in aka yi wa mutum haihuwa a Abijan, kwana nawa yake da ikon ajiye aiki? Kuma wa ya yanka wannan adadi?

Ka san yadda abin yake a gida. Mai jego tana da kwana arba'in, da wankan ruwan zafi safe da yamma, da kunun kanwa. In haihuwar fari ce ma, gidan iyayenta take komawa goyon ciki. Uba kuwa babu wanda ya ce masa ya huta. Nasa shi ne itace, da goro, da rago, da sanar da dangi, da kiran wanzami, duk kafin rana ta bakwai. Wato al'ada ba ta ba uba hutu ba, aiki ta ba shi, amma ta bar masa lokacinsa a hannunsa. Manomi ko makiyayi ba ya neman iznin kowa kafin ya je sayen ragon suna.

Aikin albashi ne ya kawo neman izni. A 1904 Faransawa suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Abijan. Sun sa mata suna Abijan-Nijar, ga shi har yau ba ta taka Nijar ba: ta kai Bobo a 1934, ta isa Wagadugu a 1954. A 1934 ɗin ne Abijan ta zama babban birni. Nasara suka zauna a Filato, baƙar fata aka tura su Ajame ta arewa da Tireshbil ta ƙetaren ruwa. Da aka buɗe mashigin Biridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka fara shigowa har cikin gari, sai unguwannin nan biyu suka cika da leburori da 'yan dako da masu ɗinki da masu sayar da abinci, daga Mali da Haute-Volta da Nijar da Najeriya. Yawancinsu samari ne, ko magidanta da suka baro iyali a ƙauye. Haka ma masu kamfanoni suka fi so. A lissafinsu, albashin baƙar fata na cikinsa ne shi kaɗai. Mata da yara, ai gona da dangi za su riƙe su.

Ma'aikata ba su yarda da wannan lissafi ba. An soke aikin tilas a watan Afrilun 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. A watan Oktoban 1947 ma'aikatan jirgin ƙasa na duk Afirka ta Yamma ta Faransa suka shiga yajin aiki suna neman a daidaita su da Turawa abokan aikinsu. Na Abijan sun koma a watan Janairun 1948, sauran suka kai Maris. Ran 3 ga Nuwamban 1952 kuma aka yi yajin gama-gari na yini guda, don a matsa wa majalisar Faransa. Ran 15 ga Disamban shekarar aka sa hannu kan dokar aiki ta ƙasashen da Faransa ke mulka. A cikinta mace ma'aikaciya ta sami mako 14 na haihuwa, da rabin albashi, kuma ba a korarta saboda ta tafi. Kuɗin tallafin yara ya biyo baya: an kafa asusunsa a Kwaddibuwa a 1955, shi ne ya zama CNPS a 1968.

Amma ka lura da abu guda, don shi ne ya shafe ka har gobe. Tallafin nan da takarda yake tafiya. Ɗan da aka raɗa wa suna gaban liman, aka yanka rago, aka raba goro, kowa ya shaida, amma ba a rubuta shi a ofishin magajin gari ba, a idon asusu babu shi. Mutanenmu da yawa sun yi sakaci da wannan, wasu don tsoron hukuma, wasu don suna cewa ai baƙi ne, baɗi za su koma gida. Baɗin nan ta zama shekara talatin.

To uba fa? Shi rabonsa ya zo a makare, kuma ɗan kaɗan. Yarjejeniyar da ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni suka ƙulla a watan Yulin 1977 ta jera lalurorin gida da ma'aikaci zai iya tafiya dominsu ba a yanke masa albashi ba: aure, rasuwa, haihuwa. Dokar aiki ta 2015 ta riƙe tsarin. Haihuwa kwana biyu, bikin ba wa yaro suna kwana ɗaya, auren ma'aikaci kwana huɗu, rasuwar mata ko ɗa kwana biyar. Duka-duka kada su wuce kwana goma a shekara, kuma sai wanda ya cika wata shida a wurin aiki. Uwa tana nan da makonta 14, shida kafin haihuwa, takwas bayanta, yanzu da cikakken albashi daga CNPS, da awa guda kullum ta shayarwa in ta koma.

Kwana biyu. Yi lissafi da kanka. Matarka ta haihu a asibiti ran Litinin, ka ƙare iznin ran Talata, wataƙila ma ba a sallame ta ba. A ƙauye wannan ba zai zama damuwa ba, don akwai kaka, akwai gwaggo, akwai ungozoma. A ɗaki guda na haya a Ajame, wa zai ɗora ruwan wanka? Uwarta tana Tawa ko Birnin Ƙonni, tafiyar kwanaki a mota da shingaye ba adadi. Sai maƙwabciya, ko matar maigidan da ya sauke ku, in Allah ya haɗa ku da na kirki. A ganina wanda ya rubuta kwana biyun nan ya ɗauka dangi suna bayan gida, kamar yadda magabatansa suka ɗauka gona tana ciyar da iyalin lebura.

An fara gyara, amma daga sama. A 2025 gwamnatin Kwaddibuwa ta kai hutun ma'aikaciyar gwamnati wata shida, na uba kuma wata guda. Najeriya ta amince wa maza ma'aikatan tarayya da kwana 14 a 2021. Wannan duk na masu albashin gwamnati ne. Mai gadin kamfani a Tireshbil yana nan kan kwana biyunsa.

Kai kuwa mai teburin garba, ko mai shayi, ko yaron mota, ko wanda ke kwana cikin tarago da dabbobi, ko kwana biyun ba ka da su a rubuce. Ranar da ka rufe tebur, ranar ba ciniki. Hutunka shi ne ƙanen da zai tsaya maka, da adashin da ka zuba, da ƙungiyar 'yan garinku da ke kawo gudummawa ran suna. Tun 2019 akwai tsarin da ake kira RSTI a ƙarƙashin CNPS, na masu sana'ar kansu, wanda ke biyan mace 'yar kasuwa kuɗin kwanakin da ta zauna saboda haihuwa, in tana zuba nata kason. In matarka tana sana'a a Abijan, ku je ofishinsu ku tambayi sharuɗɗan tun ciki bai tsufa ba.

In kuma kai ne mai gida, kana da yara a shago ko a bayan shanu, babu sufeton aiki da zai zo ya ƙirga maka kwanaki. Kai za ka yanka. Yaron da ka san matarsa na gab da haihuwa, kada ka ɗora shi kan ayarin da ba zai dawo ba sai bayan suna. Kuma ka tuna masa da takardar haihuwa: a Kwaddibuwa wata uku ake bayarwa don a rubuta jariri, in ya wuce sai an bi ta kotu.